Nawa ne kuɗin yinin injiniya mai zaman kansa?

Injiniyan da ya bar aikin albashi ya koma cin gashin kansa, lissafin da ya fi saurin zuwa masa shi ne ya ɗauki albashin wata ya raba gida 22. Wanda ke karɓar naira miliyan ɗaya a wata sai ya ga naira 45,000 da 'yan kai, ya ce to wannan ne kuɗin yinina. Daga nan asara take farawa, domin kamfanin da ya bari yana biyansa ranakun sallah da ranakun da ya kwanta rashin lafiya, yana zuba masa kashi 10 cikin 100 na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, shi ke sayen kwamfuta da man janareta, kuma shi ke yawon neman aikin. Yanzu duk wannan ya dawo wuyan mutum ɗaya.

Lissafin gaskiya daga ranakun da za a iya sayarwa yake tashi. Shekara tana da ranakun aiki 260 idan an cire Asabar da Lahadi. A cire hutun gwamnati, sallah ƙarama da babba, Maulidi, Kirsimeti, Ista, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba da sauransu, wajen kwana 12. A cire kwana 20 na hutu da rashin lafiya da ta'aziyya da ɗaurin aure, waɗanda a ƙasar nan ba a tsallake su. Saura 228. A cikin waɗannan akwai ranakun rubuta takardar neman aiki da ba za a samu ba, ranakun zaman ofishin akanta ana jiran a sa hannu a biya, tarukan ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, NSE, da horon da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ke nema kafin sabunta lasisi, da makonnin da aiki ke tsayawa cak saboda damina ko saboda ba a saki kuɗin kasafi ba. Wanda bai daɗe da farawa ba, ya yi lissafi da kwana 140, ya gode Allah idan ya wuce haka.

Ga misali da lambobi, kowa ya sa nasa. Kana son naira miliyan 12 a shekara su shiga gidanka. Kuɗin gudanar da aiki, wato hayar ɗan ofis, mai da gyaran mota, data, lasisin manhajar zane ta AutoCAD ko manhajar lissafin gini, kuɗin COREN da NSE, bayanan shekara na hukumar rajistar kamfanoni, CAC, inshorar kuskuren aiki, da ajiyar sauya kwamfuta bayan shekara uku ko huɗu, a ce miliyan 6. Sun zama 18. Ƙara kashi 15 cikin 100 na riba da tanadin wanda zai cinye maka kuɗi, miliyan 20.7 ke nan. Raba su gida 140, za ka samu kusan naira 148,000. A ce 150,000. Ya ninka lissafin farko fiye da sau uku, kuma ba wai ka zama mai tsada ba ne, abin da zai bar ka daidai da mai albashin miliyan ɗaya ne da ɗan rara.

Wannan adadin shi ne ƙasan farashinka. Abin da kasuwa za ta ɗauka kuma sai ka bincika. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara, ACEN, tana fitar da jadawalin kuɗin aiki bisa shekarun gogewa, yana da amfani a riƙe shi musamman idan da ma'aikatar gwamnati ko babban kamfani ake magana. Amma abin da abokan aiki biyu ko uku a fanninka suka karɓa a 'yan watannin nan ya fi kowane jadawali faɗin gaskiya. Ka tambayi abin da aka biya su, kada ka tsaya kan abin da suka nema. Fanni ma yana da tasiri: masu zanen gidan bene hawa ɗaya suna da yawa a Kano da Kaduna, amma mai iya tsara kariyar transfoma a masana'antar Sharada ko Challawa, ko mai lissafin madatsar ruwa, ba shi da abokan takara da yawa, bai kamata ya yi farashi irin na kowa ba.

Inda aka fi samun saɓani shi ne ma'anar yini. Rubuta shi a takarda: awa 8 ne, abin da bai kai awa 4 ba rabin yini ne, kuma babu abin da ya gaza rabin yini. "Injiniya, ɗan leƙa mana wurin nan kafin a zuba dekin" ba minti goma ba ne. Za ka ratsa cunkoso, ka hau sama ka duba tazarar rodi da kaurinsa, ka ga ko an sa 'yan duwatsun da ke ɗaga rodi daga katako, ka yi gardama da birkila kan yawan ruwa a kankare, ka dawo bayan Azahar. Ranar tafiya ita ma yini ce. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Gombe ya rasa ranar zuwa da ta dawowa, don haka a caji aƙalla rabin farashi a kowace. Mai, masauki, hayar na'urar awo, gwajin ƙasa da gwajin kankare na kwana 7 da na kwana 28, duk a rubuta su daban, kada su shige cikin kuɗin yini.

Sai haraji. Kamfani ko ma'aikatar gwamnati za su cire kashi 5 cikin 100 tun kafin su biya ka. Aikin kwana 10 a naira 150,000 miliyan ɗaya da rabi ne, amma 1,425,000 za su shigo. Waɗannan 75,000 ba su ɓata ba matuƙar ka karɓi takardar shaidar an biya su da lambar harajinka, domin za a rage su daga harajinka na shekara. Mutane da yawa ba sa bin wannan takarda, sai su biya sau biyu. Harajin VAT kuma, kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, a kan farashi ake ɗora shi. Idan ka yi rajistarsa, ka rubuta ƙarara cewa farashinka bai haɗa da shi ba.

Yawancin masu gini na kansu ba sa son jin maganar kuɗin yini, jinga suka sani. Ba laifi. Ka ƙiyasta kwanakin a ranka, ka ninka, ka ƙara kwana ɗaya a kan kowane biyar, ka faɗi jimla. Sharaɗin shi ne a rubuta iyakar aikin: gyaran zane sau biyu, ziyarar wurin aiki sau huɗu, abin da ya wuce haka a koma farashin yini. In ba haka ba, ranar da Alhaji ya yanke shawarar ƙara hawa ɗaya bayan an gama harsashi, kai za ka sake lissafin ginshiƙai kyauta. Idan aka taya ƙasa, rage aikin, kada ka rage farashin yini. A cire ziyara biyu ko rahoton ƙarshe. Wanda ka yi wa ragin kashi 30 yau, shi zai faɗa wa abokinsa farashinka gobe. Kuma araha ba ta ado a wannan sana'a: hatimin COREN da ka buga a zane yana ɗaure ka da ginin shekaru bayan kuɗin sun ƙare, ko nawa aka biya ka. Ragin da ke da hujja shi ne na aiki mai tsawo, kamar wata uku a jere, domin ya rage maka ranakun zaman banza. Kashi 10 zuwa 15 ya isa.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashin da aka faɗa yau ba ya kai wata shida da darajarsa. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Saboda haka a sa wa takardar farashi wa'adin kwana 30, a karɓi kafin alƙalami na kashi 40 kafin a buɗe kwamfuta, sauran kuma a raba shi bisa matakan aiki, kuma kada zane mai hatimi ya bar hannunka sai kason da ke kansa ya shigo. Aikin da zai wuce wata shida, a rubuta tun farko cewa za a sake duba farashin yini a wata na bakwai.