Daren da aka tare ni da takarkarina

Sati uku na yi ina tara kayan nan. Kullum in na rufe shagon gyaran waya na yi sallar isha'i, sai in zauna a fadarmu ta Bukoki, shayi na kan gawayi, ni kuma ina saran itace da haƙar tama a cikin wani wasan intanet na duniyar almara, irin wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda kowa da jaruminsa. Ni ba mayaƙi ba ne a wasan, fatauci nake yi. In tara kaya a inda suke da araha, in ɗora wa takarkari, in kai babban birnin da ke tsakiyar taswira inda suke da tsada. Hanyar kuwa dole ta ratsa jan yanki, wurin da aka yarda wani ya kashe ka ya kwashe duk abin da ke jikinka.

Ina iya tuna daren sarai. Lokacin zafi ne, wayar ta ɗau zafi a hannuna har na cire mata riga. Saura kaɗan in hango ƙofar birni sai mutum huɗu suka fito daga bayan wani dutse a kan dawakai. Ɗaya ya jefa mini wani sihiri da ya daskarar da takarkarin, sauran suka rufe ni. Kafin mai shayi ya gama juye kofi na biyu, na ga jarumina kwance, su kuma suna tsaye a kansa suna rabon kaya. Na rubuta musu cewa wahalar sati uku ce. Ɗayansu ya amsa da Faransanci cewa ai ni na shigo jan yanki da ƙafata. Wato in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na bincika hukuncin da wasan ya tanadar musu. Mutuncinsu zai ragu da wasu maki, in ya yi ƙasa sosai a hana su shiga wasu garuruwa na ɗan lokaci. Shi ke nan. Ni da aka yi wa ɓarna babu ni a lissafin ko kaɗan. Datar da na riƙa saya kullum daga cinikin shago, da barcin da na hana idona, babu wanda ya ƙirga.

Yayana, wanda ya karanta ilimin kwamfuta kuma ya riga ni sanin waɗannan wasanni da shekaru, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ƙanena, wannan ciwon ya girme ka. Tun 1997 ake neman maganinsa." Daga nan ya ba ni labarin Ultima Online, wasan da ya fito a Amurka a shekarar, wanda wasu wasannin da suka biyo bayansa suka ɗauki tsarin laifi da hukunci daga gare shi. Tun a lokacin gwaji, kafin a buɗe shi ga kowa, wani ɗan wasa ya ƙone Lord British da wutar sihiri a gaban taron jama'a, alhali jarumin Richard Garriott ne, mutumin da ya ƙirƙiro jerin wasannin Ultima. Sarkin ƙasar ke nan da kansa.

A wasan an raba mutane da launin sunansu. Mai shuɗin suna mutumin kirki ne. Wanda ya yi sata ko ya fara kai hari sunansa ya koma ruwan toka na ɗan lokaci, kowa na iya dukansa ba laifi. Wanda aka kai ƙararsa kan kisa har sau 5 sunansa ya zama ja, dogaran gari su kashe shi da sun gan shi. A takarda tsari ne mai kyau. Amma kowane kisa guda yana gogewa ne bayan awa 40 na zama cikin wasa, don haka sai mai laifi ya shigar da jaruminsa cikin gida ya kulle, ya bar kwamfuta a kunne ya tafi harkarsa. An kuma ba wanda aka kashe damar sa lada a kan makashinsa, duk wanda ya kawo kan ya karɓi kuɗi. Sai makashin ya kira abokinsa ya ce zo ka kashe ni, abokin ya kai kan ya karɓo ladar su raba. Wanda aka zalunta ya biya azzaluminsa sau biyu ke nan. Mafi muni, masu wayo suka koyi yadda za su ja sabon shiga ya taɓa gawar da ba tasa ba ko ya kai duka bisa kuskure, sunansa ya koma toka, su kashe shi hankali kwance sunansu na nan shuɗi. Doka ta kama mara sani ta bar gwani. A shekarar 2000 masu kamfanin wasan suka raba duniyar gida biyu: Trammel, inda ba mai taɓa ka sai da yardarka, da Felucca, inda aka bar tsohon hali. Jama'a suka yi ƙaura zuwa Trammel.

Na tambaye shi ko ba a taɓa gwada kotu ba. Ya ce an gwada. ArcheAge, wanda ya fito a Koriya ta Kudu a 2013, ya sa kisa yana barin jini a ƙasa, sata tana barin sawu, mai wucewa ya kai rahoto. In laifi ya taru a gurfanar da mutum gaban 'yan wasa 5 su yanke masa zaman kurkuku. Na ji abin ya burge ni, har sai da ya ce in yi tunanin su wa ke zama a kujerun. In 'yan ƙungiyarka ne ko 'yan ɓangarenka, ka fita ko da jini na ɗiga a hannunka. In abokan gabarka ne, ka sha mafi tsawon ɗauri kan ƙaramin abu. Wanda aka ɗaure kuma ya shiga da wani jarumin nasa ya ci gaba da wasa.

Duk wannan bayani bai sanyaya mini zuciya ba. Bayan kwana biyu na sayi kayan yaƙi da ɗan abin da ya rage mini, na kunna alamar faɗa, na je na laɓe a hanyar nan. Cewa nake ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Waɗanda suka tare ni ban gan su ba, kuma ko na gan su ba zan iya da mutum huɗu ba. Wanda ya zo shi ne wani a kan alfadari, da tufafin sabon shiga. Na kashe shi. Da na buɗe jakarsa, 'yan fatu ne da gatari mafi arha a wasan. Sai ga saƙonsa, kalma ɗaya da Faransanci, yana tambayar dalili. Na daɗe ina kallon kalmar nan. Aka miƙo mini shayi ban karɓa ba.

Maki kaɗan aka rage mini. Dare biyu na yi ina saran itace a yankin lumana, sunana ya koma fes kamar ban taɓa komai ba. A nan na gane abin da idona, na ga arhar hukuncin daga ɓangaren mai laifi. Tsarin bai taɓa tambayata wa na cuta ba, bai nuna mini hanyar mayar masa da kayansa ba. Ni na nemo sunansa a jerin faɗan da na yi, na rubuta masa, na jira kwana uku kafin ya amsa, don ya ɗauka wani tarkon ne. Muka haɗu a kasuwar gari na ba shi ninki biyu na abin da na ƙwace, na roƙe shi gafara.

Abin ya tuna mini da wata damina a ƙauyenmu na jihar Tawa, ina yaro, da shanu suka shiga gonar geronmu da dare. Da safe ba a kama kowa an ɗaure ba. Mai gari ya turo dattawa suka zagaya gonar, suka duba iyakar inda aka tattake, aka kira mai shanun, aka zauna ƙarƙashin bedi aka yanka abin da zai biya. Baba ya karɓa, ya yafe wani kaso, suka yi musabaha. Har yau a Nijar irin wannan rikici wurin sarakunan gargajiya ake fara kai shi don sulhu kafin a je gaban alƙali. Abu biyu ke riƙe da wannan shari'a: ana auna asarar wanda aka yi wa ɓarna, kuma mai laifi yana da suna ɗaya da fuska ɗaya, gobe ma za a gan shi a kasuwa. A wasa duka biyun babu. Ana hukunta mutum da lokaci, shi kuwa lokaci ba farashi ɗaya gare shi ba a wurin kowa. Mai intanet ɗin gida da jarumi uku bai san an hukunta shi ba. Mai sayen data ta kwana ɗaya, ko an ɗauke wuta ya rasa caji, shi ne ke jin kowace awa a jikinsa.

Ban ce a hana fashi a wasa ba. Da babu haɗari a hanya, da kayan ba su yi tsada a birni ba, fataucin ma da ba shi da daɗi. Abin da nake so shi ne in an kama ɗan fashi a cire daga dukiyarsa a ba wanda ya cuta, kuma laifin ya bi mai wayar, duk jarumin da ya shiga da shi.

Tunda babu wannan, mu muka yi namu. Mu tara ne yanzu, shida a Yamai, biyu a Tawa, da yaron nan mai alfadari, wanda ashe ɗalibi ne a Kwatano. Ba mai fita jan yanki shi kaɗai. Ayari muke yi daren Asabar, da madugu a gaba a kan doki mai sauri yana duba hanya, takarkarai a tsakiya, masu makami a baya. Kowa na zuba ushirin ribarsa a asusu ɗaya, wanda aka tare a biya shi rabin asararsa. Muna da littafi, na takarda, yana cikin akwatin shagona tare da sukurori, inda muke rubuta sunan duk wanda ya tare ɗayanmu, ba ma ciniki da shi. Wanda ya kashe sabon shiga a cikinmu kuwa sai ya nemo shi ya biya kafin ya sake bin ayari. Sunana ne na farko a wannan shafin, da ranar da na biya. An ƙara suna biyu a ƙasansa tun daga lokacin, ɗaya ya biya, ɗayan ya bar ƙungiyar ya buɗe sabon jarumi da wani suna.