Na yanke abonma, ashe adireshin mel ɗina na yanke

Wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara 7 ina aiki da adireshin mel ɗin da kamfanin intanet suka ba ni lokacin da suka ja mani layi a shago nan Tawa, irin mai ƙarewa da .ne, shi ke bisa katina, shi ke bisa faktir, duk masu sayen albasar Galmi a hannuna daga Abijan har Akara shi suka sani.

Da koneksiyon salula ya fara isata sai na ce mi za ni yi da layin shago, kowane wata ina zuba kuɗin abonma, na tafi biro na ce a yanke. Ban tambayi komi ba, kuskurena kenan.

Ana cikin kakar albasa na buɗe shafinsu zan shiga akwatin saƙonnina, na sa lambar sirri ya ƙi, na sake ya ƙi, na ɗauka rezo ne, kwana huɗu ina zagin rezo. Sai wani abokin cinikina na Abijan ya kira ni ta WhatsApp ransa a ɓace, wai ya aiko oda ta kamyo biyu saƙon yana komo mashi, ya ɗauka na bar sana'a, har ya ba wani. Kamyo biyu fa jama'a!

Na koma biro da zufa, yarinyar da ke zaune gaban ordinatar ta dubi lambata ta ce "Baba ai akwatin tare yake da abonma, da aka rufe layi shi ma ya rufe." Na ce ɗiyata to tsofaffin saƙonnin fa? Ta juyo mani da allon, babu komi. Ni ta shafinsu kawai nake karantawa, saƙonnin bisa sabarsu, wato babbar ordinatar ta kamfanin, suke zaune, ko kwafi ɗaya ban taɓa saukewa ba. Rasit na masu kamyo, takardun duwan da na ɗauka hoto, duk sun tafi. Har Facebook ɗina da wanga adireshi na buɗe shi, na manta lambar sirri, kod ɗin can suke aikawa.

Don Allah in adireshinka na kamfanin da ke ba ka intanet ne, kafin ka ce a yanke ka tambaye su mi zai faru da akwatin. Ka buɗe Gmail, wurin ajiya giga 15 ne kyauta kuma bai damu da wane layi kake ba, ka kwashe saƙonnin, ka sa a riƙa tura sababbi can, ka canza adireshi a duk inda ka yi rajista, ka shaida ma mutanenka tun wata biyu kafin nan. Tambaya guda da na yi ranar nan da ban kai ga haka ba.

Mutumin Abijan ya dawo bana, alhamdulillahi, amma kamyo guda ya ɗauka. Katunan nan 500 masu tsohon adireshi suna nan cikin durowa, da alƙalami nake soke shi ɗaya bayan ɗaya in rubuta sabo a baya.