Godiya ga mutanen Northfield da 'yan uwa bayan bikin Satumba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na nan Amurka. Alhamdulillahi, bikin shekara-shekara na garin Northfield, inda na baje kayan rini da huluna, an yi shi lafiya an watse lafiya, kuma sai yanzu gajiya ta ɗan sake ni na samu sukunin zama in yi wannan rubutu. Da yawa daga cikin waɗanda zan ambata ba sa jin Hausa. Su mun riga mun bi su gida-gida, ni da maigida, mun yi musu godiya baki da baki. Na rubuta nan ne domin ku da kuke gida ku san irin mutanen da Allah ya ajiye mu a cikinsu, ku taya mu yi musu fatan alheri.

Northfield ƙaramin gari ne a jihar Minnesota, mai mutane kimanin 20,000, tazarar kusan kilomita 65 kudu da birnin Minneapolis. Kogin Cannon ne ya ratsa ta tsakiyarsa. Manyan makarantu biyu ke riƙe da shi: Carleton da aka kafa a 1866, da St. Olaf da 'yan asalin Norway suka kafa a 1874 a kan tudun yammacin gari. Ranakun da iska ta juyo, ƙamshin hatsin da ake sarrafawa a masana'antar Malt-O-Meal yakan cika unguwa. A yawancin shekara garin shiru ne, amma a ƙarshen makon da ke biyo bayan hutun ranar ma'aikata ta Amurka, a farkon Satumba, sai ya cika ya batse saboda bikin da suke kira Defeat of Jesse James Days, wanda ake yi tun 1948.

Asalin bikin fashi ne. A ranar 7 ga Satumba, 1876, mahaya takwas na gungun Jesse James da 'yan gidan Younger suka shigo garin da rana tsaka don su kwashe bankin First National da ke kan titin Division. Ma'aikacin da ke riƙe da ma'ajiyar kuɗi a ranar, Joseph Lee Heywood, ya ƙi buɗe musu ita duk da wuƙa da bindiga da aka ɗora masa, suka kashe shi. Kafin nan 'yan kasuwa da sauran mutanen gari sun farga, suka ɗauko bindigogi daga shagunansu suka tare su a titi. Abin bai wuce minti bakwai ba. 'Yan fashi biyu suka mutu nan take, sauran suka tsere da abin da bai kai dala 30 ba. Bayan mako biyu aka kama 'yan gidan Younger uku kusa da garin Madelia, Jesse da wansa Frank kuma suka sha. Har yau ana buɗe bikin ne da ziyarar kabarin Heywood, kuma duk shekara ana ba wani ɗan gari lambar yabo da sunansa saboda hidimar jama'a.

Ban da 'yan fashin, akwai mutum na biyu da harbin ranar ya yi ajalinsa, Nicolaus Gustafson, baƙo daga ƙasar Sweden da bai daɗe da zuwa ba. An ce bai iya Turanci ba, shi ya sa bai gane tsawar da ake yi a bar kan titi ba, harsashi ya same shi, ya rasu bayan kwana huɗu. Labarinsa ya fi na kowa tsaya mini a rai, kuma za ku ga dalili.

Godiyata ta farko ga maƙwabciyarmu ce, dattijuwar da gidanta ke kallon namu. Kun san Hajiya ta zo mana daga Katsina tun lokacin jego, kuma ba ta jin Turanci ko kaɗan. A kwanakin bikin ana maimaita fashin nan sau da dama a gaban ainihin ginin bankin: mahaya cikin dogayen riguna su sukwano da dawakai, a yi ta harbi da harsashin da ba ya kisa, amma ƙararsa tana nan yadda take, har cikin unguwanni ake jinta. Ni hankalina duk yana kan kayan da zan baje. Wannan baiwar Allah ita ce ta ƙwanƙwasa mana ƙofa tun ana saura kwanaki, riƙe da takardar jadawalin biki, ta zagaye lokutan da za a yi harbin da jan biro. Ta ce ta san daga yankin da muka fito, tana jin labarai, ba ta so tsohuwa ta ji ƙarar bindiga ba shiri. Duk wanda ke da dangi a ƙauyukan Katsina ko Zamfara ya san abin da wannan ƙara ke yi wa zuciyar mutum. Na zauna na yi wa Hajiya bayani dalla-dalla. Duk da haka da aka yi harbin farko ranar Juma'a sai da ta saki carbinta ta rungume jaririya tana salati. Maƙwabciyar nan tana zaune kusa da ita a barandarmu, don ta zo musamman saboda wannan lokacin, ta riƙe mata hannu har aka gama. Ba wadda ta fahimci maganar 'yar uwarta. Ranar Lahadi Hajiya da kanta ta ce a kai ta ta gani da idonta, ta tsaya a bayan igiya ta kalli dawakan har ƙarshe, ta ce zaman sirdin wasu daga cikin mahayan ba zai ba da kunya ba ko a hawan sallah.

Sai batun rumfata. A Asabar da Lahadin bikin, ƙungiyar masu fasaha ta garin, Northfield Arts Guild, takan shirya baje kolin aikin hannu a bakin kogi: masu zane, masu tukwanen yumɓu, masu sassaƙa, masu saƙa, masu ƙera 'yan kunne da sarƙa. Ƙungiyar tana nan tun 1959, tana da ɗakin nuna zane a titin Division da gidan wasan kwaikwayo a wani tsohon ginin coci. Bana suka karɓe ni da kayan rini da hulunan da nake ɗinkawa. Ina gode musu da suka dubi aikin suka ba shi wuri daidai da na kowa. Matar da ke rabon wurare ta lura ina da goyo, ta sa ni kusa da inuwar bishiya ba tare da na roƙa ba.

Kafin a kai ga ranar kuwa hannaye da yawa sun shiga. Yaya, Allah ya saka maka da alheri. Kai ka yi ta zirga-zirga zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano har ka samo mini shuni mai kyau, ka haɗo da zaren hula kala-kala, ka aiko ta hannun mai tahowa. Da aka buɗe ƙullin a nan, warin shunin kaɗai ya sa Hajiya murmushi. A garejin mota na kafa robobin rini, na ƙulle fararen yadudduka da zare, ina tsomawa ina fitarwa, ina jira iska ta mai da koren ya koma shuɗi, in sake tsomawa. Abin da ya gagare ni shi ne bugu, don yadin da ba a buga ba ba ya sheƙi. Wani dattijo kafinta da ya yi ritaya a layinmu ya ga ina fama da dutsen guga, ya tambaya, na nuna masa bidiyon mabuga a waya. Bai ce komai ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da guntun gungume da ya goge ya yi sumul, da itacen bugu guda biyu da ya sassaƙa daidai tafin hannuna. Ya ƙi karɓar ko sisi. Duk yadin da ya yi ƙyalli a rumfar nan, da hannunsa a ciki.

Ina kuma gode wa ma'aikaciyar laburaren gari da ta zauna da ni a gaban kwamfuta muka cike takardun haraji. A wurinta na san cewa Minnesota ba ta karɓar harajin saye a kan sutura, amma tana karɓa a kan kayan ado na ɗaki, wato hula daban, ƙyallen da za a rataye a bango daban.

Ranar Asabar da la'asar aka yi abin da ba zan manta ba. Gari ya wuni lafiya, sai iska ta taso ta kan kogi ba zato. Rumfunan nan na tanti ne marasa nauyi, kuma tawa ta fi kowacce kama iska saboda yadudduka da na rataya ta kowane gefe. Ina cikin ba wata mata canji na ji ƙafar rumfa ɗaya ta ɗaga. Kafin in juya tebur ya kife, huluna suka watse a kan ciyawa, yadi biyu suka tashi suka nufi ruwa. Jaririya tana bayana, ba halin in yi gudu. Matar da ke rumfar gefena, mai tukwanen yumɓu, ta bar kayanta masu fashewa ta zo ta rungume ƙarfen rumfata da hannu biyu tana kiran mijinta. Shi ya kawo buhunan yashi daga motarsu ya ɗaure a kowace ƙafa. Wasu ɗalibai da ke wucewa suka bi yadudduka da gudu, ɗaya ya kama nasa a kan shingen bakin kogi, ɗayan kuwa sai da ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu ya ciro shi, gefensa ya riga ya jiƙe. Yara ƙanana suka yi ta tsince huluna suna kakkaɓewa suna kawo mini. Ko hula ɗaya ba ta ɓata ba. Da ƙura ta lafa na duba rumfar mai tukwane, ashe kofunanta biyu sun faɗi sun fashe lokacin da take riƙe da tawa. Na yi juyin duniya ta karɓi kuɗinsu ta ƙi. Daga ƙarshe ta yarda ta karɓi yadin da ya jiƙe ɗin, ta ce shi take so. Ɗaliban nan ko sunansu ban samu na tambaya ba, sun wuce abinsu. In wani ya san su, ya isar musu da gaisuwata.

'Yan uwa Hausawa na Minneapolis da St. Paul, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, kun fitar da ni kunya. Kun cika motoci kun taho da iyalanku cikin manyan riguna da atamfa, har mutane suka riƙa tsayawa a rumfar don su ga yadda ake kafa hular a ka. Mata kun karɓi goyo kun ba ni damar yin sallah da cin abinci. Anti da ta zauna ta yi wa yara lalle kyauta har hannunta ya gaji, Allah ya raya miki zuri'a. Haka 'yan uwanmu Somaliyawa na Faribault, garin da ke kudu da mu kaɗan, inda muke sayen naman halal: mai shagon ya ajiye mana naman rago mai kyau, da shi aka yi miyar taushen da baƙi suka ci da masa a daren Asabar. Kabewar kuwa daga kasuwar manoma ta nan garin ce, don Satumba lokacinta ne.

Cikin masu saye akwai wata tsohuwa da ta daɗe a tsaye. Ta ɗauki hula ta juya cikinta, ta sa tabarau, ta bi layin ɗinkin da farce a hankali tana ƙirga. Ta ce ita ma tun tana yarinya take ɗinka barguna na haɗe-haɗen ƙyalle da hannu, kuma ta bayan aiki ake gane mai haƙuri. Ta tambayi makonni nawa hula ɗaya ke ci, na faɗa mata, sai ta ce kuɗin da na sa ya yi kaɗan. Ta biya fiye da haka ta tafi. Na sayar da abubuwa da dama a kwana biyun nan, amma wannan cinikin ya fi kowanne faranta mini rai, don wadda ta san zafin allura ce ta yaba.

Ba kowane ɓangare na bikin ne ya dace da mu ba. Akwai rumfar giya da kiɗan dare da muka bari wa masu shi, kuma wasan kokawa da shanu da dawakai ya yi wa yara ƙarfi. Amma faretin ranar Lahadi da makaɗan makarantu da tsofaffin taraktoci mun kalle shi har ƙarshe. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan sa-kai ne ke ɗauke da bikin. Wanda ka gani yana kwashe shara da sassafe, ka iya samun malamin makaranta ne ko mai shago. Su ma ina gode musu, musamman saurayin da ya taya mu loda kaya a mota bayan an tashi.

Hajiya, ke kika ƙulle mini rabin yaduddukan nan da hannunki kina zaune a tabarma, kuma ke kika riƙe gida. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa ki gama da duniya lafiya. Maigida, ka ɗauki hutun aiki ka zama direba da ɗan dako da mai lissafi, Allah ya ƙara buɗi, ya bar mu tare.

Waɗanda suka ba da sautun huluna, na rubuta awon kan kowa, zan fara da na waɗanda suka riga biya, sai dai a yi mini haƙuri don aikin hannu ne kuma ga goyo. Yaduddukan da suka rage suna nan a gida. Kasuwar Riverwalk Market Fair tana ci duk safiyar Asabar a dandalin Bridge Square har cikin Oktoba, mu ma can muke cefane, duk wanda zai shigo gari ya sanar da maigida tun da wuri mu haɗu a can in kawo masa nasa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.