Hawan Dutsen Kwatarkwashi

Jama'a duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau yana wuce Kwatarkwashi a guje, wallahi bai san abin da yake bari ba. Kana barin Tsafe ba da jimawa ba za ka hango dutsen ya tokare sama, garin kuma ya lafe a gindinsa.

Kafin mu isa sai da wani jami'i a shingen bincike ya ɓata mana rai, ya sauke mu yana ta daka tsawa wai me ya kawo Kanawa hawan dutse a wannan marra. Tsaron hanyar nan kam kowa ya san halin da ake ciki, amma ai ana iya tambaya cikin mutunci.

Mutanen gari su suka wanke mana zuciya. Wani dattijo ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura da nono mai kauri, ba irin tsararon da ake sayar mana a Kano da tsada ba, na zaro kuɗi ya ce "haba ɗana, baƙo ake sayar wa ruwa?" Shi ya ba mu labarin marigayi Sarki Ahmad Umar da ya hau gadon sarauta a 1961 ya rasu a 2022, da yadda Maguzawa suke girmama dutsen a da, da mikiyoyin da ke sheƙa a kansa. Sannan ya haɗa mu da jikansa ya yi mana jagora.

To hawan fa! Ni da na saba da Dala mai matakala, nan babu siminti babu ƙarfen riƙewa, dutse ne sumul, wani wurin da hannu da ƙafa kake rarrafe, yaron kuwa da silifa yake tsalle yana cewa "Yaya ku cire takalmi, tafin ƙafa ya fi kamawa", kuma gaskiyarsa. Daga sama gonakin dawa da gero ne iyakar ganinka, ga titin kwalta ya miƙe zuwa Gusau. Abin da ya dame ni, wuri irin wannan ko allon bayani ban gani ba, haba gwamnatin Zamfara.

Saukowa ta fi wuya, gwiwa na rawa. Muka yi la'asar a garin, muka kwana Gusau, da safe sai tasha.