Daga Yamai zuwa Maradi da kifin teku a bayan mota

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin Alhazan Maradi da suka fara da gyaɗa da fatu suka ƙare da kwantena. Wani zuwa sayen kaya Gwangzu ta ƙasar Sin ne aka kai shi kasuwar kifin ado, ya dawo da ciwon da har yau ba a samo masa magani ba. Da jajayen kifayen ruwan daɗi ya fara, irin waɗanda ake gani a otal. Da ya ƙoshi da su sai ya ce na teku yake so. Tsakanin Maradi da teku mafi kusa, wato gaɓar Legas da Kwatano, akwai fiye da kilomita 700, kuma ko da mutum ya je can ba zai samu abin da Kawu ke nema ba. Ƙananan kifayen da masana ke kira Cirrhilabrus, shi kuma yake ce musu ƴan kwalisa, babu su a Tekun Atlantika ko ɗaya. Mazauninsu duwatsun murjani ne na Tekun Indiya da na Fasifik, daga Bahar Maliya har tsibiran Hawayi, kuma an san jinsinsu fiye da 60.

Da yake ni ne ke zaune Yamai, ni aka ɗora wa ɗauko saƙon kifayen da Kawu ya sayo, daga filin jirgin Diori Hamani. Kwali biyu ne na farin soso, an naɗe su da salatif, sun taso daga Jakarta sun biyo ta Addis Ababa. Kafin a gama takardun duwan da na likitan dabbobi dare ya raba. Da na duba lokacin da aka rubuta a jikin kwalin, sai na ga kifayen sun fi kwana guda a cikin leda, ga kuma kusan kilomita 660 a gabanmu, a watan Afrilu.

Muna sallame sallar asuba muka kama hanya. Direban Kawu dattijo ne Bagobiri ɗan Tibiri, ya yi shekaru yana jan tirela kafin ƙugu ya hana shi. Ya ga yadda na shimfiɗa bargo a kujerar baya na ɗaure kwalayen da bel, ya ce, “Samari, ni ƙwai na ɗauka, gilashi na ɗauka, amarya ma na ɗauka, ban taɓa ganin an lallaɓa kaya haka ba.” Na ce masa, “Baba, abu biyu kawai nake roƙo: kada kilim ya mutu, kada mu yi doguwar tsayawa.”

Daga Yamai zuwa Doso babu abin faɗi. A Kure na leƙa ko zan hango raƙuman dawa, ban ga ko ɗaya ba. Na huda murfin kwali ɗaya na zura wayar ma'aunin zafi tsakanin ledoji, yana nuna digiri 25. Abin da ake so kenan, domin kifin murjani tsakanin 24 da 26 ya fi jin daɗi. In ruwa ya doshi 30, iskar da ke cikinsa tana raguwa, kifin kuma yana ƙara haki, cikin ledar da ba ta da wata iska sai wadda aka ɗura mata a Jakarta.

A wani shingen jandarmomi bayan Dogon Dutse aka ce mu buɗe kaya. Na miƙa takardu, amma saurayin da ke bakin aiki ya ga hoton kifi a jikin kwali ya ce sai ya gani da idonsa. Na yanke salatif, na ɗaga jaridun da aka lulluɓe su da su, na zaro leda guda na kare ta da inuwar jikina. Leda biyu ce cikin juna, an ɗaure bakinta da roba tam, kashi ɗaya cikin uku ruwa, sauran iskar oksijin ce ta kumbura ta. A kusurwar ƙasa kifin yake, ya jingina da gefe, tsawonsa bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba. Launinsa ya koɗe ya koma toka-toka da dabbare-dabbare, fukafukansa a manne, idonsa kaɗai ke juyawa yana bin hannuna. Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Wannan ne ya hau jirgi?” Ya kira abokinsa ya zo ya ga kifin da ya riga su zuwa ƙasar waje. Suka yi dariya suka ɗaga mana sanda.

Ban ga laifinsa ba. Kifin da ya tsorata haka yake zubar da launi, kuma wanda ya gan shi a leda ba zai yarda an kashe masa ko dala ba.

Wahalar ta fara ne da muka doshi Birnin Ƙonni. Rana ta take, gudron yana ƙyalli, kilim yana iya ƙoƙarinsa amma iskar da yake hurowa ta zama ɗumi-ɗumi. Ma'auni ya hau 27, muna shiga gari ya taɓa 28. Muka tsaya kusa da tasha na sayi ƙanƙarar leda wurin wata mai firigo, na naɗe kowace a tsumma na jera a gefen kwali, ba a jikin ledar kifi ba, domin sanyin farat ɗaya ma kisa yake. Baba yana kallona, can ya ce, “To me zai hana ka kwance musu baki su sha iska, ka ƙara musu ruwa mai sanyi? Ga ruwan leda nan ko'ina.”

Shawara ce ta mai tausayi, amma da mun bi ta da mun isa Maradi da gawa. Ruwan daɗi dai ba a maganarsa, kifin teku ba ya rayuwa a ciki. Kwance ledar ma kanta haɗari ne. Tun daga Jakarta kifin yana fitar da amoniya a ɗan ruwan da yake ciki, yana kuma fitar da iskar numfashinsa. Wannan iskar tana sa ruwan ya yi ɗan tsami, tsamin kuma shi ke danne dafin amoniyar. Ana buɗe leda iskar ta fice, tsamin ya ragu, amoniyar ta koma guba mai ƙona gaɓoɓin numfashinsa. Saboda haka ledar da ta daɗe a rufe ba a buɗe ta sai ruwan da za a juye kifin yana nan a shirye. Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Wato ƙazantarsa ce ke tsare shi.” Ya tada mota, ko tsiren da ya yi oda bai tsaya karɓa ba.

Daga nan muka wuce Malbaza da ƙurar simintinta, muka ratsa Galmi, inda buhunan albasa ke jere bakin hanya ana loda wa manyan motoci masu zuwa kudu. Kawu yana kira kusan kowane gari. “Ina kunka kai? Nawa ya nuna?” In ce 27. Ya ce, “Ku yi ta tahowa, kada ku tsaya.” A Madawa na sake sayen ƙanƙara.

A wannan miƙaƙƙiyar hanya ta Madawa zuwa Gidan Rumji ne Baba ya tambaye ni abin da ya sa abu kamar yatsa yake da tsada. Waɗanda muka ɗauko ba su ne masu tsadar gaske ba. Akwai mai jan kai da ake kira solorensis, da ƙaramin nan lubbocki, duka na ruwan Indonesiya ne da mai nutso ke iya kaiwa da tulun iska na yau da kullum. Masu tsadar suna ƙasa. Mai nutso na gama-gari ba ya wuce zurfin mita 40. Wanda Kawu ke mafarki, finifenmaa na tsibiran Maldif, yana zaune ne tsakanin mita 40 da 70, inda haske ya fara dusashewa. Sai a 2022 aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, a aikin da Ahmed Najeeb ɗan ƙasar ya yi tare da Yi-Kai Tea da Luiz Rocha, alhali ƴan kasuwa sun daɗe suna sayar da shi da sunan wani kifin daban. Akwai kuma wani mai ruwan shunayya da aka samo a gaɓar Zanzibar aka ba shi suna a 2019, shi ma daga zurfin da ya haura mita 50.

Sauka can sai da na'urar da ke sake tace numfashin mutum, da iska mai gaurayen hiliyom. Mai nutso zai yi ƴan mintoci a ƙasa, sannan ya shafe sa'o'i yana hawowa daki-daki, don in ya yi gaggawa iskar da ta narke a jininsa za ta yi kumfa, ta shanye masa jiki ko ta kashe shi. Kifin ma haka. Yana da jakar iska a cikinsa, in aka fizgo shi sama sai ta kumbura ta turo masa hanji. Wasu masu kamun suna tsira wa jakar allura, wasu su rataye kifin a keji su riƙa ɗago shi kaɗan-kaɗan. Masu bincike na Kalifoniya har wata kwalba suka ƙera mai riƙe matsin ruwa don su fito da irin waɗannan kifaye da rai. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Kuma in an fito da shi ba a ci.” Na ce ba a ci.

La'asar sakaliya muka wuce Tibiri. Gulbin Maradi a bushe yake ƙayau, sai yashi da lambuna a gefe. Muka hau tudu muka shiga gari cikin hayaniyar kabu-kabu.

Ɗakin kifin Kawu ya fi ɗakin kwanansa sanyi. Tankin gilashi ne mai cin lita 500, da tulin duwatsu masu ramuka a tsakiya, da fitilu masu shuɗin haske a sama. Gishirinsa ba na miya ba ne, ba kuma na Bilma ba: na musamman ne da ake sayowa a bokiti, ana zuba gram 35 a kowace lita ta ruwan da aka bi da shi ta matata. Kullum sai an ƙara tataccen ruwa mara gishiri, saboda busasshiyar iskar Maradi tana shanye ruwan ta bar gishirin. A kan soro faifan sola ne jere, da batura a lungu, duk don injin sanyaya ruwa da famfunan da ke juya shi kada su tsaya in kuran ya ɗauke. A ganina kuɗin kifin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Ya rage haske, ya sa ledojin a kan ruwan wani ƙaramin tanki na killacewa, a rufe, har zafinsu ya daidaita. Sannan ya riƙa yanke su ɗaya-ɗaya, ya kwashe kifin da hannu ya saka, ya zubar da ruwan ledar a bokiti. Warin da ya tashi daga bokitin ya isa bayani. Kowane kifi yana shiga sai ya faɗa bayan dutse. Kawu ya ja murfin raga ya rufe, domin ƴan kwalisa gwanayen tsalle ne, kuma da yawa a kan daɓe suke ƙarewa. Cikin dare na haska tocila na ga ɗaya ya cusa kansa a rami, ya lulluɓe jikinsa da wani siririn yauƙi da yake fitarwa, haka suke kwana.

Sai da gari ya waye aka kunna fitila na ga abin da Kawu ke kashe wa dukiya. Kifin da jandarma ya raina ya fito tsakiyar ruwa, kansa ja wur, bayansa kore mai sheƙi, cikinsa shuɗi. Da ya hango ɗaya daga cikin ƙananan sai ya baje fukafukansa ya zabura, launin ya ƙara kamawa ya sauya, kamar shadda sabuwar bugu in an juya ta a rana. Duk irinsu mata ake haihuwa ko kusan haka, in babban namiji ya kau sai macen da ta fi ƙarfi ta rikiɗe ta zama namiji, ta ɗauki launinsa. Na daɗe a tsugune ban san ƙafata ta yi sanyi ba.

Da hantsi wani masunci da ke kawo wa gidan karfasa da tarwaɗa daga tafkin Madarunfa ya shigo, Kawu ya ja shi ya gani. Ƴan kwalisa ba su dame shi ba. Wanda ya tsayar da shi wani ne mai ratsin baƙi da fari da ɗige-ɗige, ɗan tsibiran Banggai na Indonesiya, wanda aka saka cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 2007 saboda yawan kama shi. Kawu ya ce masa wannan namijin ne ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Mutumin ya ce, “Alhaji, ai karfasa ma haka take, sai dai mu wurinmu uwar ce ke riƙewa.” Da aka zo zancen masu fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya suma a tsince shi, abin da ya faro a Filifin tun shekarun 1960 kuma doka ta hana amma bai ƙare ba, sai ya ce su ma sun san masu zuba majimfa a ruwa, kuma Sarkin Ruwa ba ya barin mai yin haka.

Nan ne ni da Kawu muke saɓawa. Na Banggai da muka kawo a gona aka haife su, haka ma wasu kifaye masu ratsin lemu da fari da ke cikin saƙon, kuma su ne suka fara cin abinci tun daren farko. Ƴan kwalisa kuwa kusan duk wanda ke kasuwa daga teku aka ciro shi, kuma wanda ke zaune a Maradi ba shi da hanyar sanin ko da raga aka kama shi ko da guba. Kafin in bar garin ɗaya daga cikin lubbocki ya daina ci, ya kwanta, ya mutu, ba tabo ba ciwo a jikinsa. Kawu ya ce zafin Ƙonni ne. Na ce mai yiwuwa, amma abokan tafiyarsa zafi ɗaya suka sha.

Bai hana shi buɗe waya ya nuna mini hoton na Maldif ba, ja da hoda da rawaya, ya ce ya fara magana da wani dillali. Na ce, “Kawu, in dai ni ne zan ɗauko, to a bari sai Disamba, lokacin hunturu.” Ya ce dillalin ba zai jira Disamba ba. Baba direba, da ke bakin ƙofa yana shan shayi, ya ce shi a gyara masa kilim tukuna.