Bargon ƙyallaye: yadi nawa zai ci, kuma a ina za a same shi da araha?

Masu ɗinkin bargon ƙyallaye sun fi yin asara wajen saye, ba wajen keke ba. Ko a kwaso yadi fiye da buƙata, ko a zo layi biyu na ƙarshe kala ɗaya ta ƙare, a koma kasuwa a tarar zanen ya wuce. Maganin duka biyun shi ne a zauna da tef da biro kafin a taɓa jaka.

Ki fara da katifa. Mu ɗauki mai ƙafa 6 a 6, wato inci 72 kowane ɓangare. Idan bargon zai sauko inci 9 dama da hagu, faɗinsa ya zama 90. Ta wajen ƙafa a ba shi inci 12, tsawo ya zama 84. Wajen kai ba ya buƙatar komai, matasai za su rufe. Da ƙyalle mai kusurwa huɗu na inci 6, za a jera 15 a faɗi, 14 a tsawo, jimla 210.

Sai dai ƙyallen da zai fito inci 6 a jikin bargo, inci 6 da rabi ake yanka shi, domin ɗinki zai ci kwatan inci a kowane gefe. Nan ake yawan faɗawa rami. Atamfa faɗinta wajen inci 45 ne, amma bakinta mai rubutu ba ya shiga aiki, don haka a lissafa da 43. Kowane layi da aka yanka a faɗi zai ba da ƙyalle 6. Ƙyalle 210 na buƙatar layi 35, a ninka da 6 da rabi, inci 227 da ɗoriya, wato yadi 6 da kusan sulusi. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda tsukewa da karkacewar almakashi, ya zama yadi 7. Turmi ɗaya mai yadi 6 ba zai kai ba, ko da kala ɗaya za a yi.

Wannan lissafin na yadin da yake a haɗe ne. Idan yadi ɗaiɗai za ki saya kala-kala, kowanne layi 5 zai bayar, ƙyalle 30, sauran ya tafi a banza. Yadi 7 zai ba da 210 cif, ba rarar ko ɗaya, gara a sayi 8. Rabin yadi ya fi ɓarna: inci 18 layi biyu kawai yake fitarwa, ƙyalle 12, a bar miki inci 5 da ba su da wurin shiga. Haka nan rage girman ƙyalle ba ya rage kuɗi. Na inci 6 yadin da ake yankawa ya fi abin da ke fitowa da kashi 17 cikin 100, na inci 3 kuwa da kashi 36, duk ɗinki ya cinye.

In tela za ki kai wa, ki tambaye shi nawa yake bari a bakin ɗinki. Hannun yawancinsu ya saba da rabin inci, to a yanka inci 7, a sayi yadi 7 da rabi. Abin gudu shi ne a yanka da lissafin kwata a ɗinka da abin da ya fi haka. Ɗan ƙarin da ido ba ya gani, kashi ɗaya cikin takwas na inci, idan ya maimaitu a ɗinki 14 zai rage faɗin bargo da inci 3 da rabi, tunda kowane ɗinki gefe biyu yake ci.

Shafi kuma ya kamata ya fi fuska da inci 3 kowane gefe, 96 a 90. Falle biyu na atamfa ba sa rufe wannan, sai an dasa na uku. Yadin maza mai faɗin inci 58 zuwa 60 ya fi dacewa: yadi 5, a raba biyu, a haɗa ta tsawo. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne babban zanen gado na gwanjo, amma ki je da tef ki auna a gaban mai kaya, kada ki dogara da abin da ke rubuce. Na naɗe baki, layi 9 masu faɗin inci 2 da rabi sun isa zagaye inci 348 har da kusurwa. Kashi uku cikin huɗu na yadi ya isa har da rara. Na ciki, wato abin da ake sawa tsakanin fuska da shafi, tsohon bargo marar nauyi ya wadatar da sanyin hunturu. Siririn soso yana marmashewa bayan 'yan wanki, sakakkiyar auduga kuma dunƙulewa take yi.

To, ina za a samo yadi bakwai ɗin nan? A fara da akwati. Zani ɗaya yadi 2 ne, kuma ko an zubar da kalmasa da tsakiyar da zama ya cinye, ana samun ƙyalle kamar 50. Ki ɗaga shi a rana: inda haske ya ratsa sosai, zaren ya mutu, a zagaye wurin.

Na biyu, shagon tela, musamman daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin Sallah, lokacin da ƙyallaye ke taruwa a ƙarƙashin tebur har su hana taka keke. Wani zai ba ki kyauta, wani ya riga ya yi alkawari da masu cusa matashin kai, sai a ɗan sa masa wani abu. Kada girman buhu ya ruɗe ki. Ragowar ɗinkin mata yawanci yankan wuya ne da hammata, a lanƙwashe suke. Ki yanki kwali daidai inci 6 da rabi ki tafi da shi, duk guntun da kwalin bai zauna a kansa ba a ware shi na wani aikin. Telolin maza sun fi ba da dogayen guntaye miƙaƙƙu.

Na uku, gwanjo, irin na Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna. Babbar rigar maza mai dogon hannu tana ba da ƙyalle 16 zuwa 20, bayanta kaɗai kusan 12. Wadda wuyanta ya ci ko maɓallanta suka zube ba mai sawa da zai taya, don haka ita ce taki.

Kantin Kwari a bar shi na cike giɓi. Dabara mai rage kuɗi ita ce rabin ƙyallayen, 105, su zama kala ɗaya marar zane, a riƙa sa ɗaya tsakanin masu zane. A yadi mai faɗin 58 layi ɗaya na ba da 8, yadi 3 ya isa har da rara. Ki tambayi ƙarshen bandir, guntun da bai kai ɗinkin kaftani ba. Akan sassauta farashinsa. Atamfa mai manyan furanni kuwa a yi hattara: idan aka nace sai kowace fure ta zauna a tsakiyar ƙyalle, yadin da za a ci zai iya ninkawa.

Kafin almakashi ya taɓa komai, a tabbatar kayan jinsi ɗaya ne. A zare ɗan zare a kusanta shi da ashana: auduga tana warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, mai roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Leshi da duk yadin da ke miƙewa a ajiye su gefe, suna jan maƙwabtansu su karkace. Takardar da ake manna wa atamfa a ɗumama ta da dutsen guga ta baya sannan a ɓare, in ba haka ba gam ɗin zai zauna ya riƙa kama datti. Sai wanki, kowace kala daban. Sabuwar auduga takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Idan aka haɗa ta da tsohon zani ba a wanke ba, wankin farko za ta ja shi, bargon ya yi ƙundu-ƙundu. Ja da shuɗin rini su suka fi zuba: a jiƙa gefe, a goga a farin ƙyalle, in ya bar alama a sake wankewa har ruwan ya fito fes, a goge, sannan a ɗora kwali a zana da alli.