Da ɗan gari akan ci gari: riga-kafi a ƙauyukanmu na Zamfara

A daminar da ta wuce na je gida, ƙauyenmu da ke yammacin jihar Zamfara, sai na tarar ana rabon maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na yara, kuma 'yar ƙanwata tana cikin matan da aka ɗauka aikin. Ba ni da damar bin ta cikin gidajen mutane, domin a wurinmu namiji baƙo iyakarsa zaure, amma da ta zo gidanmu na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida na kalli aikinta daga farko har ƙarshe. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida tsofaffi, aka yi ina gajiya da yaya ruwa, sannan ta ce a kawo mata duk yaron da ya kai wata uku amma bai cika shekara biyar ba. Kowane yaro sai ta taɓa goshinsa ta tambayi uwarsa ko yana zazzaɓi, saboda mai zazzaɓi ba a ba shi wannan magani, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Wanda yake lafiya sai ta jiƙa ƙwayoyin da ɗan ruwa a cokali a ba shi a gabanta, ta bar wa uwar na kwana biyu masu zuwa, ta maimaita mata bayani har sau biyu, in ta fita kuma ta yi alama da alli a bangon zaure.

Amaryar wana ta rungume ɗanta ta ce, "Yaron nan lafiyarsa ƙalau, me zai sa a ɗura masa magani?" Yarinyar ta amsa cikin ladabi ta ce, "Inna, ai don yana lafiya ake ba shi, domin idan sauro ya cije shi cutar ta tarar magani ya riga ta shiga jiki." Amarya ba ta saki jiki ba, sai da Goggo, wadda ita ce ungozomar unguwarmu kuma ita ta yanke wa yaron cibiya, ta ɗago daga kan tabarmarta ta ce, "Ke, ba shi ya sha. Jikokina duk sun sha bara, ban ga komai ba sai alheri." Nan take amarya ta miƙa shi.

Na daɗe ina juya wannan ɗan lamari a raina. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel wannan magani sau ɗaya a wata a tsawon damina, lokacin da sauro ya fi yawa. An ƙera shi a ƙasa mai nisa, an sayo shi da kuɗi mai yawa, ya ratso Abuja da Gusau da hedikwatar ƙaramar hukuma kafin ya iso tsakar gidanmu, amma da Goggo ba ta yi magana ba da cokalin nan bai kai bakin yaron ba. Kuma ba ƙaramar cuta ake ƙoƙarin tarewa ba. Binciken ƙasa da aka yi kan zazzaɓin cizon sauro a 2021 ya nuna cewa a maƙwabciyarmu Kebbi kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadin da ya fi na kowace jiha, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. A Kebbin da Bayelsa aka fara yi wa jarirai sabuwar allurar riga-kafin wannan zazzaɓi a Disamban 2024, allurar da ake farawa tun yaro yana wata biyar kuma sai an yi ta sau huɗu take cika. Uwar da ke ƙauye ba za ta goyi jariri ta yi tafiya sau huɗu ba sai in akwai wadda ta yarda da ita da ke tuna mata ranar komawa.

Duk ɗan Zamfara da ya kai shekarun hankali a 2010 ya san inda aka koya mana wannan darasi da hawaye. A farkon waccan shekara yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta hanyar da ba a saba gani ba. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya daina wasa, sai jijjiga ta kama shi, cikin ɗan lokaci a kai shi makwancinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau ne ko zazzaɓi mai tsanani. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF, waɗanda sa ido kan sanƙarau ya kai su yankin a watan Maris, sun gwada maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba su ga sauƙi ba, sai da aka auna jinin yaran aka gano gubar dalma ce. Farashin zinariya ya hau a kasuwar duniya, mutanen da noma bai ishe su ba suka koma haƙa, kuma dutsen da suke haƙowa yana haɗe da dalma mai yawa. Maza su kawo dutsen gida, a daka shi a turmi, a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa da tabarma da kwanon abinci, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa yake kai wa. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 suka rasu, kuma a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma bincike ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, taɓawar da ba ta warkewa.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka bayyana cewa ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da gubar take, domin zai sake kwasa. Dole sai an fara da gidan: a kankare ƙasar sama ta kowace tsakar gida da kowane ɗaki mai daɓen ƙasa, a kwashe ta a binne a wuri mai nisa, a zuba sabuwa, sannan a hana shigo da dutse cikin gari. Ƙwararrun da suka zo daga ƙasashen waje sun san yadda ake auna guba a ƙasa, sai dai ba su da ikon shiga ɗakin matar aure, balle su hana magidanci sana'ar da yake ci da iyalinsa. Sarakuna da hakimai da masu unguwanni ne suka tsaya aka fitar da injinan niƙa bayan gari, limamai suka yi ta bayani a masallatai, samarin garuruwan suka ɗauki shebur da baro, mata kuma suka shiga lungu-lungu suna koya wa 'yan'uwansu wanke hannun yaro kafin ya ci abinci da hana maigida shiga cikin iyali da tufafin ramin haƙa. Bagega, wadda ta fi sauran garuruwan da gubar ta shafa girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin gwamnatin tarayya su fito a share ta, kuma duk wannan jira yaran garin cikin guba suka yi shi. An yi wa dubban yara magani kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. Har gobe ana haƙar zinariya a Zamfara, saboda haka aikin hana dutse shiga gida ba abin da za a ce an gama ba ne, kuma mutanen gari kaɗai ke ganin wanda ya shigo da buhu da daddare.

Sanƙarau ma ya gwada mu. Annobar da ta fara a Zamfara a ƙarshen 2016 ta bazu cikin 2017, aka samu fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 suka rasu. Ƙwayar cutar nau'i-nau'i ce, kuma nau'in C ne ya yi wannan ɓarna, alhali allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce, kuma an ɗauki lokaci kafin labarin masu mutuwa a ƙauyuka ya kai inda za a ɗauki mataki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar a haɗe. Na yi murna da wannan, amma ina ganin mai unguwar da ya san cewa zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin bazara abu ne da ake kai rahotonsa a ranar, kuma yana da lambar wanda zai kira, yana da muhimmanci daidai da allurar.

Haka tarihin shan-inna ya nuna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon riga-kafi a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake yaɗuwa har ta tsallaka iyaka. Al'amura sun daidaita sosai bayan da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a matakin farko a 2009 bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, aka kuma ɗauki matan unguwa masu bin gidajen suna da na biki suna wayar da kai. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta asali.

Ba zan ɓoye ba, ba duk abin da tsofaffinmu suka gada ne mai amfani ba. Goggo da kanta ta yi shekaru tana gasa cibiyar jariri da tsumma da ruwan zafi, tana sa a matse nonon farko a zubar don wai ba shi da kyau, tana tsayawa a kan mai jego ta yi wankan tafasasshen ruwa ta sha kunun kanwa mai yawa, abin da likitoci suka daɗe suna dangantawa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Wanzamai kuma har yanzu suna cire beli da aska ɗaya. Wasu ma'aikatan lafiya suna ganin mafita ita ce a kawar da ungozoma gaba ɗaya, ni kuwa ban yarda da haka ba, domin a ƙauyen da babu malamar asibiti mai kwana, idan naƙuda ta tashi da tsakar dare Goggo za a buga wa ƙofa ko an so ko an ƙi. Da aka kira su wani horo na 'yan kwanaki aka girmama su, aka yi musu bayani da Hausa, sai ta dawo da man shafa wa cibiya na asibiti, ta daina zubar da nonon farko, ta kuma haddace alamomin da ba a jira da su: zubar jini, kumburin fuska da ƙafa, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, da naƙudar da ta kwana ta wuni. Yanzu ita ce ke kora masu ciki zuwa awo. Ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, da an gaya mini tun ina da ƙarfi, da akwai matan da yau suna raye." Ban sami abin da zan ce mata ba.

Inda zuciyata ta fi ƙuna shi ne, waɗannan mutane suna yin nasu, amma abin da ya kamata ya tare musu baya yana da rauni. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti mai aiki. Na mazaɓarmu yana da gini da fenti, amma ranar da na raka wani maƙwabci da ɗansa mai gudawa mun tarar da ma'aikaci ɗaya tilo, babu garin gishiri da sukari na leda, babu sinadarin zinc da ake haɗawa da shi, sai takarda ya rubuta mana mu je kemis. Ban ga laifinsa ba, domin shi ma a kan babur yake zuwa daga nesa ta hanyar da kowa ke tsoro. Rashin tsaro ya rufe ƙananan asibitoci da dama a jiharmu, ya hana noma a gonaki masu nisa, tamowa ta ƙaru a tsakanin yara, kuma ma'aikacin da aka turo daga birni ba ya iya kwana. A irin wannan hali wanda ya rage a gari shi ne ɗan garin. Uwar da aka koya wa haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta za ta iya riƙe ran ɗanta mai gudawa har gari ya waye. Wadda aka ba ɗan tef ɗin auna damtse, aka nuna mata cewa ja yana nufin a tafi asibiti yau, za ta gane tamowa kafin ƙafafun yaro su kumbura.

Saboda haka roƙona ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi shi ne su ɗauki waɗannan mata da muhimmanci na gaske. A zaɓo su daga cikin garin da za su yi aiki, a horar da su a kai a kai, a ba su kayan aiki duk shekara maimakon kwana huɗu na gangami, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, sannan 'yan matan da suka nuna hazaƙa a ɗauki nauyinsu zuwa makarantar koyon aikin lafiya da sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Mu kuma 'yan boko da muka tare a Gusau da Birnin Kebbi da Abuja, kuɗin da ƙungiyoyinmu na ci gaban gari ke tarawa zai iya ɗaukar karatun yarinya ɗaya ko biyu, ko ya tanadi man babur na kai mai naƙuda asibiti.

Bayan na dawo Gusau na kira 'yar ƙanwata a watan Oktoba na tambaye ta yadda zagayen ƙarshe ya kasance. Ta ce an gama cikin gari lafiya, har amarya ce ta fara fito da ɗanta tun kafin a tambaya. Sai ta yi shiru kaɗan ta ce, "Kawu, amma tungayen da ke hayin gulbi ba mu samu zuwa ba, an ce hanya ba kyau." Ta ce ta ba mai unguwarsu saƙo ranar kasuwa cewa duk matar da ta iya ƙetarowa ta kawo yaranta gidanmu, kuma ta roƙi mai duba aikinsu ya bar mata maganin yaran a hannunta har kasuwa ta sake ci.